Dogon Badaru da Ramin Wanka

Mun ɗaga shi da tabarmar da yake kai, ni ta wajen kansa, ɗansa Mahamudu ta wajen ƙafafu, muka nufi ƙofar ɗaki. Sai Badaru ya miƙa hannu ya kama dirkar rumfa. Mutumin da tun bayan ƙaramar salla moɗa ke gagarar sa ɗauka, ya riƙe itacen nan har zanan da ke bisa ya zubo mana da ƙura a ka.

"Ku aje ni."

"Baba, dubi gabas," in ji Mahamudu. "Ruwa na tahe."

"Direba, mota ta cinye maka kunne? Na ce ku aje ni."

Muka aje shi. Tsahara, matarsa, wadda ta kira ni ta kan katanga don wannan aiki, tana tsaye kusa da turmi. Ni ta duba, kamar ni ne na ƙi shiga ɗakin.

Hadarin ranar bai zubo a Konni ba, ya wuce wajen Bazaga. Amma farkon damina ne, kowa ya san wani na biye da shi.

Badaru maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Asalinsa ɗan Dogarawa ne. Ya tafi Najeriya yana saurayi, ya shiga aikin reluwe a Ƙauran Namoda, tun yana lebura mai ɗaukar tsakuwa har ya zama heluma, wato shugaban masu gyaran dogo. Shekarar da aka kori baƙi daga can ya dawo da akwati da guduma, ya dawo ƙasar da ba ta da jirgin ƙasa ko na rantsuwa. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana noman gero da wake kamar kowa, iyalinsa ba su kwana da yunwa ba, kuma ba a rasa shi a sahu. Amma da an kai amfanin gona rumbu, sai ya shige ɗaki ya kama ginin jirgin ƙasa.

Ɗakin nan, in ka cire ɗan wurin tabarma a bakin ƙofa, duk dogo ne. Ya ɗaga daɓen da laka, ya shafe da ɓurɓushin simintin da yake sharowa a ƙasan motocin Malbaza. Ƙarfen dogon wayar ƙafar keke ce, yana miƙar da ita da guduma, ya haɗa baki da baki da dalma. A ƙarƙashinta ya jera ɓawon kara da ya yanka tsawo ɗaya, kowane da ƙusar takalmi biyu, ya cike tsakani da tsakuwar gulbi da ya tankaɗe da rariyar Tsahara. Taragai na gwangwanin kifi ne, na ɗaukar mai kuwa na tumatir. Ƙafafunsu marafen kwalba. Kan jirgin gwangwanin maganin sauro ne, da injin tsohuwar rikoda a cikinsa, batir kuma a taragon da ke bayansa. Layin ya tashi daga Zariya a bayan ƙyaure, ya bi Funtuwa da Gusau ta jikin bango, ya karkato tsakiyar ɗaki inda ya gina Ƙaura, da babbar tasha da tankin ruwa da gada. A Ƙaura dogon gaskiya ya tsaya. Shi bai tsaya ba, ya ja nasa zuwa Sakkwato, ya kawo shi Konni a ƙarƙashin taga.

Mahamudu, wanda uban ke kira Direba don yana jan motar fijo tsakanin Konni da Sakkwato, ya taɓa sayo masa jirgin roba sabo fil a kwali, mai fitila da kuka. Badaru ya ɗora shi a kan layinsa, ƙafafun ba su hau ba. Ya juya shi ya duba cikinsa, ya ce wanda ya ƙera wannan bai taɓa jin warin gawayi ba. Ya cire injin da ƙwan fitilar ya adana, gangar jikin kuwa Tsahara ta mai da ita mazubin sabulu.

Ra'ayina a kan wannan sha'ani ban taɓa ɓoye masa ba. Mai furfura a gemu ba da gwangwani ya kamata ya yini ba. Lokacin da aka ba mutum ƙidayayye ne, za a kuma tambaye shi inda ya kai shi. Abu ɗaya na faɗa ya karɓa: na ce kada ya kuskura ya sassaƙa surar mutum ko dabba, haramun ne. Bai sassaƙa ba. Tashoshinsa duk ba kowa, ya kan ce nasa ne kaɗai jirgin da ba a turereniya a ƙofarsa.

Ciwon ya kama shi a ciki. An kai shi likita, suka duba, suka ce a mai da shi gida a ba shi abin da yake so. Tun daga ranar ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin rumfa, ya ce ɗaki da zafi. Da farko an yarda. Da sanyin damina ya fara sauka bai koma ba, sai aka gane ba zafi ba ne.

Ina cikin masu wankan gawa a unguwarmu, don haka na fi kowa sanin abin da yake gudu. A wurinmu, ɗakin da mutum ya cika, nan ake wanke shi. Ana haƙa rami a daɓe, a ɗora ƙyaure a kai, a kwantar da mamacin, ruwan wankan ya sauka cikin ramin, in an gama a mai da ƙasa a rufe. Ba a barin wannan ruwa ya kwarara inda ƙafa ke takawa. Aikin na son wurin kwanciyar mutum da na mutum uku a tsugune. A ɗakin Badaru babu irin wannan wuri sai tsakiya.

Gidan kuwa ɗaki biyu ne. Na Tsahara akwai 'yarsu Shatu a ciki da jaririn fari, tana wankan jego, ba a haɗa mai jego da mai jinya irin wannan. Zaurensu ya faɗi tun daminar bara. Na ce a kawo shi zaurena. Tsahara ta ce wannan ya fi muni, mutum da gidansa ya je ya mutu a na maƙwabci.

"Malam Mumuni, kai ka san mutanen garin ga," ta ce da ni a bakin katanga. "Gobe bakin rijiya mi za a cewa? Tsahara ta bar maigidanta ya mutu waje awa jakin ayari, ga ɗaki nan cike da gwangwanaye. Shekara nawa nika bin shi. Ƙaura na bi shi, kora na bi shi. Wanga abin kunya ba ni ɗaukar shi."

Na ce gaskiya gare ta. Na zagaya na shiga gidan na zauna kusa da shi. Ya rame har ƙashin kumatunsa ya fito, amma idon na nan yadda na san shi.

"An aiko ka," ya ce.

Na ce ba sai an aiko ni ba. Na ce masa yana bakin kabari, zuciyarsa na cikin gwangwanin kifi, kuma yana shirin bar wa matarsa abin gori har ta mutu. Ban sassauta ba, don ba lokacin sassautawa ba ne.

Ya bar ni na gama. "Kai ka wankin mutane. Hwaɗa mini gaskiya, in na cika cikin ɗakin ga, ina za ka haƙa ramin?"

"Tsakiya."

"Ƙaura ke nan."

"Sunan da ka ba wurin ke nan. Ni daɓe nika gani."

Ya yi 'yar dariya, ta koma tari. Da ya lafa ya ce shi bai ce a bar abin har abada ba. In an kai shi an dawo, Direba ya zuba buhunan wake a ciki, ko a ɗaure awaki, bai damu ba. Ba don a gaje shi ya gina ba. Abin da ba zai yarda da shi ba, yana kwance a ɗakin mu shigo da gaggawa, mu bi ta kan layi da ƙafa, mu sa hauya a tasha.

"Lokacin ba ka san abin da aka yi ba," na ce.

"Ka taɓa mutuwa ka gani?"

Na ce masa wannan magana ba ta mai shirin haɗuwa da Ubangiji ba ce. Ya ce to in yi masa addu'a, tunda ita ma na iya. Na yi, ya shafa.

Aka kira Liman Labbo. Ya saurari kowa, ya ce shari'a ba ta ce sai a ɗaki ba, sutura take so, in an kewaye rumfa da zana an wanke shi a nan, wanka ya yi. Badaru ya ce madalla. Liman ya ɗaga hannu ya ce bai gama ba: jiki amana ne, ba a barin mara lafiya ga ruwa da iska alhali akwai rufi, kuma mace na da hakkin a kiyaye mata mutuncinta. Tsahara daga bayan zana ta ce madalla. Ya sha ruwa ya tafi, ya bar maganar inda ya same ta.

Haka aka ci gaba. Da safe Tsahara ta dama masa kunu, ya sha cokali biyu ko uku. 'Yan dubiya su zo, maza su tsuguna a rumfa, mata su wuce ɗakin mai jego, in sun fito su ɗan tsaya su dubi tabarmar da rufin zana, su dubi ƙofar ɗakin da ke rufe, su ce Allah ya ba da lafiya. Wata tsohuwa daga Alela, ƙanwar uwarsa, ba ta yi kara ba, ta tambayi Tsahara a gaban mutane ko haya ta ba da ɗakin. Tsahara ta daina zuwa rijiya, sai ta sayi ruwa wurin 'yan garuwa. Tsakaninta da shi magana ta koma ta kunu da magani.

Ruwan ya zo ranar kasuwa, bayan azahar. Ina rumfata a kasuwa iskar ta taso, na rufe na kamo hanya, kafin in kai unguwa lungu ya zama gulbi. A ƙofar gidan na haɗu da Mahamudu, ya bar motarsa a tasha ya sheƙo a guje.

Iska ta yaye zanan rumfar ta jefa shi bayan rumbu. Badaru na kwance inda yake. Tsahara ta durƙusa a kansa, ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta baza mayafinta daga kanta zuwa ƙirjinsa, ruwan na dukan bayanta. Tana iya jan tabarmar zuwa ɗaki ita kaɗai, don a lokacin bai fi nauyin damin gero ba. Ba ta ja ba. Shatu na tsaye a ƙofar ɗakinta da jariri tana kuka, uwar na ce mata ta koma ciki.

Muka tsaya. Ban sa hannu ba, don na riga na ɗaga shi sau ɗaya an ce in aje. Daga inda nake ina ganin fuskarsa a ƙarƙashin mayafin. Yana duban wuyanta, inda ruwa ke bi yana ɗiga a haɓarta. Ita kuma tana rawar sanyi, ba ta dube shi ba.

"Direba," ya ce. Sai da ya maimaita muka ji. "Ku shigar da ni."

Muka shigar da shi, muka kwantar a ɗan wurin nan na bakin ƙofa. Tsahara ta kawo busasshen zane ta sauya masa, ta kawo garwashi a kasko, sannan ta je ta sauya nata. Ya daɗe idonsa a rufe. Na ɗauka barci ne. Na yunƙura zan tafi sai ya kama bakin rigata.

"Zamna, Malam. Aiki na akwai. Ba a hwasa dogo, ruhe shi aka yi."

Ya ce a reluwe, in za a ɗaga wani yanki na layi, ba a fara taɓa ƙarfe sai an fitar da jirgi daga yankin, an kai shi inda zai kwana. Mahamudu ya ɗauko kan jirgin daga Zariya, batir ɗin ya mutu. Ya zare na cocilarsa ya sa. Uban ya sa shi ya goge layin da tsumma tun daga bayan ƙyaure har taga, ya haɗa taragai yadda ya ce, na mai a ƙarshe. Sannan ya ce a sake shi.

Abin ya tashi yana ƙara kamar ƙwaro a cikin gora. Ya bi bango, ya wuce Funtuwa, ya wuce Gusau, ya karkato. A kan gada ya rage gudu har na ce zai tsaya, sai ya haye. Ya ratsa Ƙaura, ya yi Sakkwato, ya je ƙarƙashin taga ya dunguri ɗan katakon da ke ƙarshen layi. Mahamudu ya miƙa hannu ya kashe. Tsahara na tsaye a ƙofa da ƙwaryar kunu. Ta ce ashe har can yake zuwa.

"Har Konni, ƙohwar gidanku," in ji Badaru. "Samo mini jan ƙyalle."

Ta yago daga tsohon ɗankwalinta. Aka raba biyu, aka ɗaura a tsinke, aka kafa ɗaya bayan Gusau, ɗaya kafin Sakkwato. Ya ce yanzu layi ya rufu, a fara.

Mahamudu ya tsuguna ta can, ni ta nan. Ana farawa daga mahaɗa, a karya dalmar da filaya, a zare ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, a ɗaga wayar a aje a jikin bango, ta hagu daban, ta dama daban. Ɓawon karan a tara a ƙwarya. Tsakuwar a share ta gefe guda. Ni da na kai shekara hamsin, ga ni durƙushe ina tsintar ƙusar takalmi. Na fizgi wata waya ta lanƙwashe.

"Malam, ba ciyawa kaka cira ba."

Na ce in yana da gyara ya taso ya yi da kansa. Ya ce da ya iya da bai ɗauki lebura irina ba, wanda ko a Gusau sai a sallame shi kafin azahar. Mahamudu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na motsi, ban sani ba ko dariya ce.

Tashar Ƙaura da tankinta muka ɗaga ɗungum, muka ɗora a faifai, Tsahara ta kai bisa akwati. Gadar ta siminti ce, ta kama daɓe, ba ta ɗaguwa. Ya ce a bar ta, ramin ya zauna yamma da ita. Ya sa Mahamudu ya ciro ƙyauren ɗakin ya gwada a wurin da muka share. Ya shiga, da saura kaɗan.

"Ya ishe ku?"

Na duba, na ce mutum uku za su matsu, amma za a yi.

"Ku yi da biyu. Ni yanzu ban da nauyi."

Aka mai da ƙyauren. Ya sha kunun da ya fi na kullum. Ruwa ya tsagaita wajen la'asar, na fita na yi alwala. Ina fita na ji Tsahara na tambayarsa ko a ƙara garwashi, ya ce a'a, ta dai zauna.

Washegari da hantsi ya cika. Ina wurin. Na laƙanta masa kalmar shahada, leɓɓansa sun motsa. Na rufe masa ido, na ɗaure haɓa. Mata suka taru a tsakar gida, tsohuwar Alela ta leƙo ta ga a ɗakinsa yake, a kan tabarmarsa, ta koma ta zauna.

Na kawo hauyata na haƙa ramin yamma da gada. Simintin bai yi kauri ba, ƙasar da ke ƙasa da taushi. Ni da Liman Labbo muka wanke shi, Mati mai kanwa na miƙo ruwa daga bakin ƙofa. Mun shiga mun fita ba wanda ya taka komai. Muka mai da ƙasa, muka daddaɓe da tafin hannu. Kafin azahar an rufe shi.

Har yau ban ce ginin jirgi aikin dattijo ba ne. Da ni ne, da lokacin nan na sa shi a wani abu. Mutanen unguwa kuwa, da aka zo zaman makoki, ba wanda ya yi maganar rumfa. Abin da aka yi ta faɗi shi ne ya cika a ɗakinsa, matarsa na gefensa.

Bayan sadakar uku na tuna na bar hauyata a can. Na yi sallama. Tsahara ta koma wannan ɗaki don takaba, tana zaune a ɗan wurin bakin ƙofa da carbi, ta juya mini gefe. Ban shiga ba, na tsaya a waje. Ta turo hauyar da ƙafar tsintsiya. Ta ce yaron ga, wato Mahamudu, ya yi maganar buhunan wake, ta ce masa sai ta fita takaba a ga abin da za a yi.

Taga na buɗe. Inda muka rufe ramin ƙasar ba ta bushe ba, ta fi sauran daɓen duhu. Layin ya zo daga Gusau ya tsaya a bakinta, ya tashi daga can gefen ya nufi taga. Tururuwa sun hau wayar daga bayan ƙyaure, suna tafe a jere. In sun kai ƙarshe sai su sauka kan danyar ƙasar, su ratsa ta, su hau ɗaya wayar su wuce.